Ranar da Muka Sauke wa Kwamfutar Uwata Kaya

Sana'ata sayar da kekunan ɗinki ce, na hannu. Ina saye a wurin telan da ya tsufa ko matar da ta gaji keken uwarta ba ta ɗinki, in kwance shi, in wanke da kananzir, in canja abin da ya cinye, in sa mai, in sayar. Shagona yana Gaya, amma rabin cinikina a kan babur nake yinsa, tsakanin Kademi da Ajingi da Toranke da Gafasa. Ban yi boko mai nisa ba. Firamare na gama, na zauna a gaban wani tela wasu shekaru, har na gane hannuna ya fi son cikin keken a kan yadin da ke samansa. Sai na bar ɗinki na koma wa ƙarfe.

Ina da ƙa'ida ɗaya da kowa ya san ni da ita. Ba na sayar wa mutum keke yana tsaye. Sai ya zauna ya ɗinka, kuma da yadin da ya zo da shi daga gida, ba ƙyallen shagona ba. Mai ɗinkin shadda ya kawo shadda, mai kayan makaranta ya kawo kakinsa mai kauri. Wasu haushi suke ji, suna ganin ɓata musu lokaci nake yi. Amma keken da na sayar ba ya dawowa, wannan kuwa ya ishe ni talla.

'Yata ta fari sunan mahaifiyata gare ta, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, Uwata nake ce mata. Ta karanta kwamfuta a birni, ta dawo gida ta yi shekara guda tana neman aiki. Abin da take so shi ne rubuta manhaja, irin waɗanda ke cikin waya. Kwamfutar da take koyo da ita ta aro ce, mai ita kuwa ta karɓi abarta. Na ga yadda Uwata take zama da littafi tana rubuta abin da ya kamata a buga a inji, kamar tela yana yanka takarda don ba shi da yadi. Wata ranar da na shiga Kano sayen allurai da bel, sai na zarce wajen masu sayar da kwamfuta ta hannu.

A nan na karya ƙa'idata. Na sayi inji a tsaye, mai aiki da shi tana Gaya ba ta ma san na fita da wannan niyya ba. So nake in ga fuskarta idan na ajiye mata a kan tabarma.

Mai shagon mutum ne mai natsuwa, ya kusa sa'ana. Da muka daidaita sai ya tambaye ni me za a zuba a ciki.

Na ce, “Manhaja take rubutawa. Duk abin da manyan kamfanoni ke aiki da shi, ka zuba mata. Kada ka rage komai.”

Ya ce, “Alhaji, wannan ƙarama ce fa. Idan na loda mata manyan nan za ta yi nauyi. Ko dai a bar mai ita ta zaɓa, ko ka ɗauki waccan babbar.”

Na dubi babbar, na dube shi, na yi murmushi. Na ce, “Ni ma ɗan kasuwa ne, na san wannan karatun. Zuba kawai.”

A wurinmu, keken da ya zo da duk tarkacensa a aljihun tebur, da ƙafar zif da ta kalmasa da kwarkwaro goma, shi ne cikakken keke. Tarkacen nan ba ya hana shi gudu, yana kwance ne a aljihu sai an neme shi. Na ɗauka haka kwamfuta take. Mai shagon ya ɗaga kafaɗa, ya zuba.

Uwata ta yi murna irin wadda ban gani ba tun tana ƙarama. Ta buɗe, tana duba abin da ke ciki, sai ta tsaya a kan wani.

“Baba, har da wannan? Wannan ai editan manya ne.”

Na ce me ake nufi da edita. Ta ce shi ne wurin da ake zama a rubuta kod, wato umarnin da ake ba inji. Ta ce kamar keke da teburinsa ne a wurin tela, duk yini a kansa kake. Akwai iri-iri, wani babba mai komai a jikinsa, wani madaidaici, wani kuma ɗan ƙarami. Na ce to ai shi ya sa na ce a sa mata babban. Na kwana ina jin daɗin kaina.

Bayan 'yan makonni wani ƙaramin kamfani a birni, masu ɗaukar ma'aikata daga gida, suka amsa takardarta. Suka ba ta gwaji: ta haɗa shafin da marar lafiya zai shiga ya zaɓi ranar ganin likita, cikin kwana goma. In ya yi musu, su ɗauke ta. Ranar da saƙon ya zo, ta same ni a tsakar gida ina alwala. Ta jira na gama.

“Baba, wannan ne na ƙarshe. Idan bai yiwu ba, ka zaɓar mini keke ɗaya a shagonka, in buɗe ɗinki a ɗakin zaure. Na gaji da zama.”

Na ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Ɗinki ba abin kunya ba ne, da shi na ciyar da ita. Amma na sha ganin wanda ya hau keken ɗinki saboda ya faɗi a wani abin, kuma na san irin ɗinkin da yake fitowa daga hannunsa. Ban so mata haka ba. Duk da haka, washegari na ware wani keke mai ƙafa, mafi lafiya a shagon, na sa masa mai na rufe shi da buhu a lungu. Ɗan kasuwa ba ya fita ba shiri.

Lokacin bazara ne, zafi ya kai inda ya kai. Wutar lantarki sai ta ga dama, abin dogaronmu faifan sola ɗaya ne da batir a ɗakin zaure, a nan take aiki. Kwana uku na farko ban lura da komai ba, ina fita da safe in dawo la'asar. A rana ta huɗu mahaifiyarta ta tare ni.

“Malam, yarinyar nan ba ta cin abinci. Jiya na leƙa na tarar ta zuba wa abin nan ido, hannunta a cinya. Na ce aiki kike ko gadi? Ta ce jira take.”

“Jiran me?”

“Ni na sani? Kai ka sayo.”

Na leƙa da kaina. Tana buga kibod, amma haruffan ba sa fitowa sai bayan ta ɗauke hannu, su zubo gaba ɗaya. Fankar cikin injin tana kuka kamar za ta tashi. Na tambaye ta lafiya, ta ce lafiya lau, ita ce dai ba ta da sauri, kanta ne ba ya ja. Na ce injin fa? Ta yi saurin cewa injin ba shi da laifi. Na fita ina jin wani abu bai zauna ba, amma ina da alƙawari a Toranke, na hau babur.

Wanda na je gani a Toranke tsohon tela ne, abokin wasana, shekara biyu da na sayar masa da keke mai ƙafa. Ya aiko cewa keken yana tsinka zare. Tun kafin in kafe babur ya fara.

“Ga mayaudarin Gaya nan. Ka sayar mini da keke mai cin zare kamar akuya.”

Na durƙusa na duba. An ɗaura wa keken motar lantarki mai ƙarfi, irin ta manyan injinan kamfani. Da ya taka, allura ta yi ta gudu fiye da yadda ƙoshiyar da ke riƙe da zaren ƙasa za ta kama na sama.

Na ce, “Ni keke mai ƙafa na sayar maka. Wa ya ɗaura masa wannan jirgin?”

“Ɗana ne ya kawo daga birni. Wai ƙafata ta huta.”

“To motar lafiyarta ƙalau, keken ma haka. Zama ne ba za su yi tare ba. Tun yaushe ka gane ita ce?”

Ya sosa gemu. “Tun satin farko.”

“Me ya hana ka cirewa?”

“Kai ma dai. Yaro ya yi ɗawainiya ya kawo maka abu, ya zo ya tarar ka jefar a ƙarƙashin gado? Na gwammace in zage ka.”

Muka yi dariya, na cire motar, na mayar da bel ɗin ƙafa. Sai da na hau hanya, wajen gonakin da aka share ana jiran ruwa, maganarsa ta dawo mini. Na tuna da saurin da Uwata ta yi wajen wanke injin. Na tuna da mai shagon Kano yana cewa za ta yi nauyi, da irin murmushin da na yi masa. Ban tsaya a Ajingi ba kamar yadda na saba, na wuce gida.

Na same ta a inda na bar ta. Na zauna a bakin ƙofa na cire hula.

“Uwata, zan tambaye ki, kuma ba na son amsar ladabi. Wane kaya ne a cikin injin nan ya dame ki, kika bar shi don ni na sa aka zuba?”

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. Can ta ce, “Ai kyauta ce, Baba.”

“Injin ne kyautar. Lodin kuskurena ne. Mai shagon ya gaya mini za ta yi nauyi, na ɗauka so yake ya tura mini mai tsada.”

Mahaifiyarta tana tsakar gida tana tankaɗe, ashe tana ji. Ta ce, “Kai da ba ka sayar wa mutum keke a tsaye? Ashe ƙa'idar ta baƙi ce.”

Uwata ta rufe baki tana dariya, dariyar farko cikin kwana huɗu. Daga nan bakinta ya buɗe. Ta ce ba lodina kaɗai ba ne. Ita ma ta ƙara wa babban editan wasu 'yan maƙale-maƙale da ta gani a bidiyo, kusan ashirin, wani mai canja launi, wani mai ƙarasa maka rubutu, wani ma ta manta aikinsa. Ga wata manhajar tsara aiki da take ta ƙara tana tuna mata cewa an makara. Ta ce bari ta tambayi 'yan ajinsu a waya wane edita ya fi.

Na ce, “Su waɗanda za ki tambaya, injinsu irin naki ne? Zafin ɗakinsu irin na nan ne? Wutarsu fa?”

“A'a.”

“To za su gaya miki wanda ya fi a wurinsu. Gobe za mu yi yadda nake yi a shago. Ki jero editocin, ki kawo yadinki, wato aikin likitan nan, ba wani gwajin wasa ba. Ki yi abu ɗaya a kan kowanne.”

“Baba, kwana shida ya rage. In ɓata yini guda a gwaji?”

“Kwana huɗun da suka wuce a me suka tafi?”

Washegari ban buɗe shago ba. Na ce sai rana ta take, don inji da sanyin safiya kowanne lafiyayye ne. Muka cire caja, muka bar shi a kan batirinsa. Ita tana bugawa, ni kuma na ɗora tafin hannuna a gefen da iska ke fita, ina sauraron fanka. Ban san kod ba, amma na san kukan injin da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa.

Guda huɗu ta jera. Babban da na sa aka zuba shi muka fara da shi, don a yi masa adalci. Kafin ya gama buɗewa mahaifiyarta ta dama fura ta kawo mana. Hannuna ya yi zafi har na ɗauke. Na ce a wuce.

Na biyu a intanet yake zaune, ba a cikin injin ba, don haka bai da nauyi. Ya yi kyau ƙwarai na ɗan lokaci. Sai sabis ya ɗauke, kamar yadda ya saba a unguwarmu da tsakar rana, allon ya tsaya yana juya wani ɗan zobe. Uwata ta ce wannan na mutanen da sabis ba ya yi musu yaji ne.

Na uku shi ya tafi da ni. Ɗan ƙarami ne, baƙin allo da rubutu kawai, ba hoto ba ado, ko linzamin kwamfutar ba a taɓawa. Kafin ta ɗauke yatsa ya buɗe. Fanka ta yi tsit, injin ya huce a ƙarƙashin hannuna. Na ga keke mai ƙafa sak, irin wanda za a gada har jikoki.

Na ce, “Shi ke nan, an samu. Wannan za ki ɗauka.”

Ta ce bari dai ta ɗinka a kai. Ta fara, sai na ga tana tsayawa. Komai na wannan editan da haddar maɓallai ake yinsa. Ta danna wani abu layi uku suka ɓace, ta nemi dawo da su ta ƙara ɓata wani wurin. Ta buɗe littafinta tana neman yadda ake ajiye aiki. Na ce za ta saba, abu mai kyau yana son haƙuri. Na yi ta yabonsa kamar ni na ƙera shi.

Ta ɗago ta dube ni, a hankali ta ce, “Baba, a shagonka wa yake zaɓa, mai zama a kan keken ko mai tsaye a gefe?”

Daga tsakar gida aka ce, “Gaya masa dai.”

Nan na gane saura kaɗan in sake yin abin da na yi a Kano, wannan karon ina zaune a gabanta. Ta ce ƙaramin nan yana da kyau, wata rana za ta koye shi, amma koyonsa aikin watanni ne, ita kuwa kwana biyar da rabi gare ta.

Na huɗu madaidaici ne, wanda ta yi aiki da shi a makaranta, yatsunta sun san hanyarsa. Ta buɗe shi tsirara, ba ta maƙala masa komai ba. Fanka ta ɗan yi magana ta koma ta kwanta. Haruffa suna fitowa tare da yatsa. Ta yi ta bugawa, ta manta ina wurin, har na ga kafaɗunta sun sauka. Na san wannan zaman. Idan mai saye ya daina kallon keken ya koma kallon yadinsa, ciniki ya faɗa.

Cikin maƙale-maƙalen nan ashirin, biyu kawai ta mayar: mai ja wa kuskure jan layi, da mai daidaita sahun rubutu. Na tambaye ta mai canja launin fa. Ta ce wannan kwalliya ce, sai an ɗauke ta aiki. Babban editan kuwa sai da ta sake dubana kafin ta goge shi. Na ce in tana jin nauyi ta nuna mini maɓallin in danna da kaina. Ta nuna mini, na danna.

Manhajar tsara aikin ma ta tafi. A madadinta na kawo mata abin da teloli ke yi gab da salla: ƙusa a bango da 'yan takardu, kowace da aiki ɗaya, wanda aka gama a zare shi. Ita kuma ta ƙara nata. Duk ɗan yankin da ta kammala, da sabis ya dawo sai ta tura kwafinsa wani ma'aji a intanet, ko da injin zai mutu aikin yana nan. Wayarta kuwa mahaifiyarta ce ta karɓe, ta sa a cikin kwanon da take ajiye daddawa, ba ta fitowa sai bayan azahar da bayan la'asar. Uwata ta yi ƙorafin warin, aka ce mata shi ne maganin yawan dubawa.

Ba zan ce sauran kwanakin sun zo da sauƙi ba. Akwai yinin da wani kuskure ya riƙe ta tun safe har yamma, ranakun wata suna fitowa a karkace, kuma wannan ba laifin edita ba ne, nata ne, ita ta gano shi. Amma yanzu da aikin take kokawa. Takardun ƙusa suna raguwa, kwanon abincinta yana dawowa wayam. A rana ta goma da hantsi ta tura, ta fito tsakar gida ta zauna kusa da mahaifiyarta tana tsince shinkafa, kamar ba ita ba.

Amsa ta ɗauki mako guda. Ina shago ina kwance wani kan keke sai ga ta da kanta, abin da ba ta saba ba. Ta miƙo mini waya, na ce ta karanta mini, Turancin ya fi ƙarfina. Ta ce sun ɗauke ta. Na ce alhamdu lillahi, na ci gaba da goge ƙoshiyar da ke hannuna don kada ta ga idona. Ita kuwa idonta ya kai lungu.

“Baba, wancan da aka rufe da buhu fa?”

“Keke ne.”

“Na wa?”

“Na mai rabo.”

Ta ɗaga buhun, ta ga yadda aka sa masa mai, da sabon bel. Ta mayar ta rufe. Bayan sati biyu wata mata daga Gafasa ta zo da atamfarta, ta zauna a kansa tun hantsi har azahar, ta tafi da shi.

Da aiki ya kankama, Uwata ta tashi sayen babbar kwamfuta da guminta, ta ce in raka ta. Shagon Kanon nan dai muka koma. Mai shi ya gane ni, na gaya masa gaskiyarsa ce a wancan karon, ya ce ai ya san zan dawo. Uwata ta nemi kujera, ta fito da aikinta a ɗan filashi, ta zauna ta gwada injina uku ɗaya bayan ɗaya, mutane suna shiga suna fita. Mai shagon ya matso kusa da ni ya ce, “Alhaji, 'yar nan taka za ta kai mu magariba.” Na ce ya yi haƙuri, gado ne.

Da muka dawo gida na leƙa, sai na ga babban editan nan da na goge da yatsana ya dawo kan allo. Na ce ba wannan muka kora ba? Ta ce shi ne, sabon aikin da aka ba ta shi yake so, kuma wannan injin yana ɗaukarsa. Na ɗora hannu a gefen da iska ke fita. Da sanyinsa. Na ɗauke hannuna na tafi shago.